Sibil ko lantarki ko makanikal, wanne ad da aiki nan gida?

Ɗan Jega:
Salam 'yan uwa. Ƙanena ya gama sakandare yana son injiniyanci amma mun rasa wane ɓangare za ya cika a JAMB, don Allah waɗanda ke cikin harkar ku ba mu shawara, muna son wanda in ya gama ba sai ya tai Legas neman aiki ba.

Injiniya BK:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni sibil na karanta, aikinmu hanyoyi, gada, kwalbati da gine-gine, mafi yawa wajen 'yan kwangila ko ma'aikatar ayyuka. Ya sani fa rana za ya sha a sait ba zaman ofis ba ne, kuma in kwangila ta tsaya kuɗi ma sun tsaya. Ya koyi AutoCAD, manhajar kwamfuta ta zanen gine-gine, tun yana makaranta, bayan NYSC ya nemi rajistar COREN, wato hukumar kula da aikin injiniyanci ta Najeriya, don da ita aka sa hannu ga zane.

Hajiyar Gusau:
Ni dai lantarki zan ce wallahi, ko bai samu aikin gwamnati ba sola kaɗai ta ishe shi, gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse kowa ita yake sawa yanzu.

Baban Khadija:
Kar ku manta da makanikal da injiniyancin noma. Injinan shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi suna buƙatar masu kula da su, ga noman rani na Bakolori can Talata Mafara. Ɗan Jega, yaron ya iya lissafi da fiziks sosai? Ka tambaye shi wannan tukun.