Tambaya: motar sulke ta labarina, tan 7 da igwa mai milimita 90, za ta yiwu?

Mai_Zanen_Rayfield:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zana labarin hotuna da zai gudana a duwatsun Filato, tsakanin Riyom da Shere, kuma na ƙirƙiro motar sulke a ciki, na raɗa mata suna Rema, sunan dabbar nan mai zama a kogon dutse. Ba na so masu sani su gani su yi min dariya. Ga abin da na rubuta: taya huɗu duk masu ja, nauyi tan 7, mutum 7 a ciki, igwa mai milimita 90 a sama, sulken da ke tare harsashi mai milimita 14.5 ta ko'ina har da roka ta RPG, gudun kilomita 120 a awa, kuma tana iyo a ruwa. Me zan gyara?

Injiniya_Bukuru:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sunan ya yi, amma ka ɗora wa rema kayan raƙumi. Ɗauko biro mu yi lissafi.

Farantin ƙarfe mai faɗin murabba'in mita ɗaya, kowace milimita ta kaurinsa kilo 7.85 ce. A ce ɗakin da mutanenka za su zauna tsawonsa mita 3.2, faɗi 2.1, tsayi 1.4. Bango huɗu da rufi da ƙasa sun kama murabba'in mita 28 da ɗan wani abu. In ka sa kauri milimita 8, sulken ya kusa tan 1.8. To harsashin 14.5 mai huda sulke yana ratsa ƙarfen da ya kai wajen milimita 30 daga nisan mita 500. Sa milimita 30 a lissafin: tan 6.6 da ɗoriya. Ba inji, ba taya, ba mai, ba mutum, ka riga ka cinye tan 7 ɗinka.

Saboda haka sauko. Akwai ma'aunin ƙungiyar NATO da ake kira STANAG 4569. Mataki na 1 harsashin doguwar bindigar soja ne na yau da kullum, na 2 harsashin AK mai huda sulke daga mita 30, na 4 shi ne 14.5 ɗin daga mita 200. Ba wa Rema mataki na 2 a jiki, ka ƙara faranti na tangaran da ake ɗaurawa da noti a gaba kawai. Ka kuma kwantar da farantin gaba: in ya karkata digiri 60 daga tsaye, hanyar da harsashi zai bi cikin ƙarfen ta ninka, ga shi yana iya zamewa.

RPG kuwa ka cire ta daga rai. Ko tsohon kan rokar yana huda ƙarfe sama da milimita 250. Abin da ƙananan motoci ke yi shi ne kewaye jiki da kejin sanduna, nesa kaɗan da bodi. Ba tare rokar yake yi ba, matse kanta yake yi tsakanin sanduna ya lalata shi kafin ya tashi yadda ya kamata, kuma ba kullum yake ci ba. A zane ma zai yi kyau.

Kofur_Mai_Ritaya:

Injiniya ya gama da sulke, bari in taɓa makami. Ba wai igwar 90 ba ta hawa ƙaramar mota ba ne. Panhard AML-90 ta Faransa, wadda sojojinmu suka daɗe da ita, tan 5.5 ce kuma igwarta 90 ce. Amma duba abin da ta bayar kafin ta samu: mutum 3 ne kawai a ciki, sulkenta milimita 8 zuwa 12, harsashin igwar guda 20 take ɗauka. Kai kana son mutum 7. Gindin hasumiyar igwar da ke juyawa yana sauka har cikin ɗakin, daidai inda fasinjojinka huɗu za su ajiye ƙafa.

Wani abu kuma da masu zane ke mantawa: a cikin duwatsu, abokin gaba yana samanka ne. Igwar irin wannan mota ba ta ɗaga baki fiye da wajen digiri 15. Ka tsaya a gindin dutse irin na Riyom, mutum yana can bisa, igwarka ado ce. Mashinga mai milimita 12.7 ita ce daidai. M2 ta Amurka kilo 38 ce, DShK ta Rasha wajen 34, suna cin nisan da ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma a kan mazauni mai kyau suna ɗaga baki sosai. Akwatin harsashi 100 wajen kilo 16 ne, ba ta akwati shida ka ga kilo 100 ya tafi. Kada ka zana ta tana ɓarin wuta ba tsayawa. Baki yana yin ja, ana harbi kaɗan-kaɗan ne, kuma ana tafiya da bakin canji.

Sai ka zaɓa: ko dai mai harbi ya fito da rabin jikinsa bayan garkuwa, ko a sarrafa bindigar daga ciki da allo da sanda. Na farko arha ne kuma yana gani da idonsa, amma shi ne farkon wanda ake samu, kuma in mota ta kife shi ne a ƙasa. Na biyu yana kare shi, sai dai ya ƙara ɗaruruwan kilo can ƙololuwa, yana shan batir, ƙurar hunturu kuma tana rufe idon kyamara. Don labari ni na fi son na farko, mai karatu ya ga fuskar mutum. Ka ƙara bututun harba hayaƙin ɓuya uku-uku a gefe, don ƙaramar mota ɓacewa ce kariyarta.

Baban_Dilimi:

Yaro, duk sun yi maka maganar sama, ni ta ƙasa zan yi.

Inji dai na gas, wato dizal, ba fetur ba, don fetur saurin kama wuta gare shi. Kuma lallai mai turbo. Jos ta haura mita 1,200 bisa teku, iska ba ta da kauri, injin da ba turbo yana asarar wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ka ga sama da kashi 10 ya tafi tun kafin ka taka totur. Nemi doki 25 ga kowane tan, wato in nauyinta ya kai tan 8, doki 200. Lagireto babba, amma iskarsa ta shiga ta tagogin ƙarfe masu lanƙwasa, in ba haka ba harsashi ɗaya ya zubar da ruwan a tsaya.

Gudun 120 ba inji ke hana shi ba, taya ce. Irin 335/80 R20 da zoben roba a ciki, wanda ke ba ka kilomita 30 zuwa 50 bayan ta fashe, zafi take ɗauka in an matsa mata. Rubuta 100 ka huta. Abin da ya fi gudu muhimmanci shi ne birki. Tan 8 na gangara Hawan Kibo da ƙafa a kan birki, kafin ƙasa ya yi zafi ya saki. Birkin iska, da birkin inji, direba ya sauko da ƙaramar giya.

In kana son matsala ta gaske a labarin, ga ta: walda. Ƙarfen sulke irin Armox 500T da zafi aka ƙarfafa shi, in mai walda ya cika masa wuta sai bakin ɗinkin ya yi laushi ko ya tsage bayan 'yan watanni a hanya mai gargada. Ƙofa ma kilo ɗari da wani abu ce, hinjinta na saki, a kan gangare kuma mutum ɗaya ba ya iya tura ta. Gilashi mai kauri santimita 4 kilo 100 ne a murabba'in mita, rana na sa shi yin fari-fari daga gefe. Ka ƙanƙanta tagogin.

Iyo kuma, ina za ta? Kududdufan kuza na Barkin Ladi? Bakinsu a tsaye yake, ko ta shiga ba ta fita.

Injiniya_Bukuru:

Baba ya yi gaskiya a kan iyo. Tan 8 na buƙatar ture ruwa kubik mita 8 kafin ta taso, ɗakin nan gaba ɗaya 9.4 ne. BRDM-2 ta Rasha tana iyo da tan 7 don an yi jikinta kamar kwalekwale tun farko. A ba Rema ratsa rafi mai zurfin mita ɗaya, ya isa.

Saura nakiya. Ƙasan mota mai siffar V, wadda aka san motocin Afirka ta Kudu irin Casspir da ita, tana watsa ƙarfin fashewa gefe. Amma V mai zurfi na ɗaga mota sama, mota mai tsayi kuma a gefen dutse kifewa take. Yi V mara zurfi, tazarar ƙasa santimita 40, ka ce tana jure nakiya mai kilo 6 a ƙarƙashin taya, wato mataki na 2a a ma'aunin STANAG ɗin. Kujeru a rataye su a bango ko rufi, kada a kafe su a daɓe, kowa da bel da matakin ƙafa. Tankin mai a waje da ɗakin.

Mai_Zanen_Rayfield:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na sauya: tan 8, mutum 6, mashinga 12.7, ba iyo. Amma Kofur, in mugun labarin ya zo da tanka fa?

Kofur_Mai_Ritaya:

Sai Rema ta saki hayaƙi ta shige bayan dutse ta kira manya a rediyo. In dole sai ta rama, ba ta makami mai linzami guda biyu a gefen hasumiya, ka cire mutum ɗaya da kujerarsa don su samu wuri. Kuma ka zana mata ƙofar baya, don su sauka ta inda ba a harbi.