Ɗalibata ba ta ji sosai, dikte ya gagare mu

Salamu alaikum malamai. Ina riƙe da ajin CE1 (aji na uku na firamare) a wata lakwal nan Maradi. Akwai yarinya mai shekara 9 da jinta ya ragu bayan ta yi sanƙarau. Lissafi lafiya lau, dikten Faransanci (in faɗa, su rubuta) ne ke kayar da ita.

Na dawo da ita bencin gaba, ina fuskantarta in zan yi magana. Leɓɓana take kallo, amma p, b da m kamanninsu ɗaya a baki: in ce "pain", ta rubuta "main" ko "bain". Da na ɗaga murya, ƴan aji suka fashe da dariya, ta kifa kai ta ƙi rubutu.

Yaya kuke yi wa irin wannan ɗaliba dikte har ta bambance waɗannan haruffa? Na gode.