Wace na'urar gano kaya ta dace da mai wayar Tecno?

Hajiya Mai Atamfa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Bara da na je Umara jakata ɗaya ba ta iso tare da ni ba, na yi ta zirga-zirga filin jirgi, kowa ka tambaya ya ce ki dawo gobe, ba wanda ya san inda take. Bana in Allah Ya yarda zan koma, kuma ba na son a sake irin wannan. 'Yata ta ce akwai wata 'yar na'ura kamar kwabo da ake jefawa cikin jaka, sai ka riƙa ganin inda take a waya, AirTag. To ni Tecno ce wayata. Za ta yi mini? Ina kuma son wadda zan maƙala wa makullan shago, don yaran nan kullum sai mun yi cigiyarsu.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. AirTag ba za ta haɗu da Tecno ba, sai da iPhone ko iPad ake saita ta. Kada wani mai shago ya ce miki akwai manhajar da za a sauke ta yi, babu. Wadda ta dace da wayarki ita ce duk mai aiki da tsarin Google, Find Hub, wanda da ake kira Find My Device. Duba bayan kwali, za ki ga an rubuta. Chipolo, Pebblebee da Moto Tag duk suna ciki.

Injiniya: Kafin a kai ga sunan kamfani Hajiya, gara ki san yadda abin yake aiki, don a nan mutane suke asarar kuɗinsu. Waɗannan na'urori ba su da layin waya, ba su da GPS, ba su san ma inda suke ba. Abin da suke yi kawai shi ne fitar da siginar Bluetooth mai ɗan gajeren zango, mita goma zuwa talatin a cikin gida ko kasuwa, ko da kwalin ya rubuta fiye da haka. In kina kusa, wayarki ce take jin siginar, ki danna, na'urar ta yi ƙara ki bi sautin. In kin yi nisa, sai ta jira wayar wani ta gifta kusa da ita. Wannan wayar ce za ta ɗauki siginar, ta haɗa da wurin da ita kanta take, ta aika ta intanet a rufe, ba tare da mai wayar ya sani ba, ke kaɗai kike iya buɗewa. Kamar saƙon da ake ba direba a tasha ne: in babu motar da ta bi hanyar garinku, saƙo yana nan a zaune.

Kuma ba kowace waya take ɗaukar saƙon kowa ba. AirTag iPhone da sauran kayan Apple take jira. SmartTag ta Samsung wayar Galaxy take jira. Tile tana jiran wayar da aka sauke wa manhajar Tile ko Life360. Na tsarin Google kuwa suna jiran wayoyin Android daga 9 zuwa sama. Don haka tambaya biyu ce: wace waya ce a hannunki, kuma wace irin waya ce ta fi yawa a wurin da kayan zai iya ɓata.

Malamar Firamare: Ke nan mu nan na Google ne zai fi, tunda ko'ina ka duba Tecno ce da Infinix da itel.

Injiniya: A lissafi haka ne Malama, amma akwai abu biyu da suke rage masa ƙarfi. Na farko, wayar da za ta taimaka sai Bluetooth ɗinta yana kunne, wurin nuna inda take yana kunne, kuma da data. Mu kuwa kin san halinmu, saboda wutar lantarki mutum yana kashe komai don cajinsa ya kai dare, data kuma sai zai shiga WhatsApp yake kunnawa. Na biyu, da Google ya buɗe tsarin a Afrilun 2024, ya bar wayoyi a kan saitin da ba za a nuna wurin kaya ba sai wayoyi da dama sun ji shi, wato a wuri mai cunkoso. Don kare sirrin mutane ya yi haka. A Kantin Kwari ko filin jirgi babu matsala. A lungun da mutum ɗaya ne zai wuce kuwa, ana iya daɗewa ba a ga sabon wuri ba. Duk wanda yake zauren nan mai Android, don Allah ya shiga saitin Find Hub ya zaɓi a yi aiki da shi a kowane wuri. Ba ya cin caji sosai, kuma ɗan'uwanka kake taimakawa.

Ɗan Kasuwar Dubai: Hajiya, ni dai don jakar jirgi AirTag nake sawa, kuma ita zan ba kowa shawara. Filin jirgin Jidda da na Madina da na Dubai cike suke da iPhone, ma'aikata da matafiya, kusan duk lokacin da na duba ina ganin sabon wuri. Kafin jirgi ya tashi na kan duba in ga ko jakar ta zo gindin jirgi ko tana can cikin gini. Tun ƙarshen 2024 ma Apple ya ƙara wata hanya da za ka tura wa kamfanin jirgi mahaɗin da zai nuna musu inda jakar take, na kwana bakwai, wasu kamfanoni suna karɓa. In 'yarki tana da iPhone, ta saita a wayarta ta sa miki a jaka, tana gida tana gaya miki.

Mai Gyaran Waya: Alhaji wannan dabarar tana yi, amma a gaya wa Hajiya abin da za ta gani. AirTag in ta rabu da wayar mai ita na wasu sa'o'i, tsakanin 8 zuwa 24, tana fara ƙara da kanta idan aka motsa ta. Sannan Tecno ɗin Hajiya za ta iya fito mata da gargaɗi cewa akwai wata na'urar da ba a sani ba tana bin ta. Kada ta tsorata, tata ce. Kuma duk lokacin da take son sanin inda jaka take sai ta kira Kano. In dare ne yarinya ta yi barci fa?

Hajiya Mai Atamfa: A'a, ni na fi son abin da zan duba da idona a wayata. To a filin jirgi an yarda a sa abu mai batir a cikin jakar da za a auna?

Ɗan Kasuwar Dubai: An yarda. A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan haka da kamfanin jirgin sama na Lufthansa, daga baya suka fito suka ce babu laifi. Batirin ƙarami ne, irin na makullin mota, CR2032. Abin da ba a sawa a jakar awo shi ne fawa banki.

Ɗan Sakkwato: Ni Samsung nake riƙewa, SmartTag2 na saya wa makullan gida da na mashin. Abin da ya burge ni, tana da zobenta a jiki, ba sai ka sayi wani gida daban ba kamar AirTag, wadda ba ta da ko huda. Samsung sun ce batir yana kai kwana 500, in ka sa ta a tanadin wuta 700. Ruwan sama ya doke ta ba abin da ya same ta. Amma Galaxy kaɗai take karɓa, don haka Hajiya ba taki ba ce.

Malamar Firamare: Tile fa? Ƙanwata da ke Ingila ta aiko mini da ita, tana makullaina. In ka danna maɓallinta sau biyu, wayarka ce take ƙara ko da ka kashe mata sauti. Ni wayar ma na fi nema a gida fiye da makulli, yara suna ɗauka su kalli katun su tura ƙarƙashin kujera.

Injiniya: Tile su ne tsofaffin hannu a harkar, tun kafin AirTag ta fito a 2021, kuma a wannan shekarar ce Life360 ya sanar da sayen kamfanin. Alherinta shi ne tana haɗuwa da Android da iPhone duka, gidan da wayoyi suka bambanta ba sai an yi gardama ba. Don neman abu a ɗaki ko ofis tana da kyau ƙwarai. Amma a wajen gida, tambayi kanki mutum nawa kika sani a unguwarku da ke da manhajar Tile a wayarsa. A Amurka suna da yawa. A nan ba zan dogara da ita ba ga abin da zai bar gida. Ki lura kuma, Tile Mate batirinta a like yake, in ya ƙare bayan kamar shekara uku sai sabuwa. Tile Pro ce ake canza wa batir.

Direban Adaidaita: Yallaɓai Injiniya, ni maganata daban ce. Adaidaitar da nake ja biya nake yi, ban gama ba. Makwabcina an ɗauke tasa a ƙofar masallaci da asuba, har yau shiru, kuma mai ita bai yafe masa ko kwabo ba. Wallahi tun ranar ba na barci sosai. In na ɓoye irin wannan a ƙarƙashin kujera, za ta kama mini ɓarawo?

Injiniya: Allah Ya tsare maka, Ya mayar wa makwabcinka da alheri. Gaskiya zan gaya maka ƙanina: kada ka ɗora abincin iyalinka a kan wannan. An yi su ne don abin da ya ɓata, ba abin da aka sace ba. Tun Mayun 2024 Apple da Google suka haɗa kai, duk wanda wata na'ura ta tsarin Apple ko na Google da ba tasa ba take tafiya tare da shi, wayarsa za ta sanar da shi, iPhone ce ko Android, har ta ba shi damar sa ta yi ƙara ya nemo ta. Ɓarawon da ke da waya a aljihu zai samu wannan sanarwar kamar kowa, ya ciro ta ya jefar a kwata. In kuma ya fita da keken bayan gari inda babu wayoyi, wurin ƙarshe da aka gan ta kawai za ka riƙa gani. Abin da kake buƙata shi ne tiraka ta GPS mai layin waya, wadda ake haɗawa da batirin keken. Tana aika wurinta kai tsaye duk inda akwai sabis, wasu har kana iya kashe inji da saƙon tes. Sai dai ka riƙa sa wa layin kuɗi kada a rufe shi. In da hali ka ƙara ɗaya daga cikin ƙananan nan a wani lungu daban, ko an cire ɗaya a bar ɗaya. Kuma ko ka ga wurin a taswira, kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki 'yan sanda da shugabannin ƙungiyarku.

Direban Adaidaita: Na gode Yallaɓai, Allah Ya saka da alheri. Zan yi wa mai keken magana mu raba kuɗin.

Baba Mai Ritaya: Ina karantawa tun ɗazu. Wannan sanarwar da Injiniya ya ambata, ni na ji daɗinta. An samu mutane a ƙasashen waje suna jefa abin nan a jakar mace ko motarta don su bi sawunta, shi ya sa aka yi ta. Kada wani a cikinmu ya saya don ya saka wa matarsa ko yaron shagonsa a ɓoye, addini ya hana bin diddigin mutane, kuma ranar da aka gane, zaman ya lalace. 'Yan matanmu kuma a koya musu, in waya ta nuna irin wannan gargaɗi kada su share, su nuna wa babba.

Malamar Firamare: Baba, yara ƙanana fa? Wasu iyaye suna ɗinke ta a jakar makaranta.

Baba Mai Ritaya: Wannan uba ne da ɗansa, ban ga laifi ba. Sai dai kada ta sa a daina raka yaro.

Injiniya: Kuma ba ta nuna tafiyar yaro daƙiƙa bayan daƙiƙa, sai wata waya ta gifta. A kula da batirin ma, yaro in ya haɗiye irin wannan batir yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i, asibiti ake nufa nan take.

Hajiya Mai Atamfa: Na fahimta. To a cikin ukun da Mai Gyaran Waya ya faɗa, wacce zan ɗauka?

Mai Gyaran Waya: Don makullan shago Chipolo Pop, Hajiya. Ƙararta tana da ƙarfi, kuma a cikin dilolin atamfa da hayaniyar kasuwa ƙara ce za ta cece ki. Tana da huda, batirinta CR2032 ne, kamar shekara guda, masu agogo suna sayarwa. Tana yi da tsarin Google ko na Apple, ɗaya a lokaci guda, don haka ko kin koma iPhone gaba, sai a goge a sake saitawa. Don jaka kuma Pebblebee Clip, ita caji ake yi mata da igiyar USB-C irin ta wayarki, tana ɗaukar watanni, sai ki cika ta daren tafiya. Moto Tag ma lafiya lau ce, amma abin da ya bambanta ta, wato kibiyar da ke nuna maka dama ko hagu in ka matso, sai wayar da ke da wani nau'in sigina da ake kira UWB, kuma yawancin wayoyinmu ba su da shi. Ba sai kin biya kuɗin abin da wayarki ba za ta taɓa ba.

Ɗan Kasuwar Dubai: In jakunkuna biyu ne, ni da zan sa ta Google a kowace, sannan babbar a ƙara mata AirTag ta wayar yarinya. Dala 29 aka fitar da ita, huɗu a kwali dala 99, bai kai kuɗin turmi biyu na mai kyau ba.

Ɗan Sakkwato: A yi hattara da na jabu. Akwai wasu masu arha a kasuwa da ake cewa tiraka, ashe Bluetooth ne kawai tsakaninta da wayarka, ba ta cikin kowane tsari. Da ka fita ƙofar gida shi ke nan.

Mai Gyaran Waya: Haka ne. Ko a Farm Centre ta Kano za ki saya ko a Banex ta Abuja, ki sa a buɗe a gabanki. Ta gaske da an cire 'yar ledar batir ko an danna maɓalli, wayarki za ta fito da hotonta ta ce a haɗa, sannan ta bayyana a cikin Find Hub. In mai shago ya ce sai an sauke wata manhaja da ba ki taɓa jin sunanta ba, ki ajiye masa. Ta hannu kuma kada ki karɓa sai mai ita ya cire ta daga asusunsa, in ba haka ba ba za ta haɗu da taki ba. Masu AirTag kuma, in za ku canza batir ku guji wanda aka shafa wa ɗaci don yara, Apple da kansu sun ce wani lokaci ba ya kamawa.

Malamar Firamare: Akwai siririya da za ta shiga walat? Maigidana katin ɗan ƙasa da na banki duk a wuri ɗaya yake sawa.

Mai Gyaran Waya: Akwai, kamar katin ATM take, ta ɗan fi shi kauri. Chipolo da Pebblebee duk suna yi, Tile ma tana da Slim. Wace waya yake riƙewa Malama?

Malamar Firamare: Infinix. Bari ya dawo masallaci in duba ko Android ɗinsa ya kai 9.