Shawarwari ga masu kafa kamfanonin intanet a ƙasashen Larabawa

A wata tattaunawa da aka yi kan kafa kamfanonin intanet a ƙasashen Larabawa, abin da aka fi nanatawa shi ne kuɗi. Jarin farko ana samunsa, cibiyoyi irin su Flat6Labs a Alƙahira da Oasis500 a Amman suna bayarwa. Wahalar tana zuwa ne idan kamfani ya fara tafiya yana buƙatar miliyoyi. Shawarar da ta fi kwanta mini: kada labarin Careem, kamfanin kiran tasi ta manhaja na Dubai wanda Uber ta saya dala biliyan 3.1, ya ruɗe ka, ka fara samun ciniki kafin ka nemi mai zuba jari.

An ja kunnen Misirawa kan canji. Wanda ya karɓi jari da dala yana sayarwa da fam, kuɗin Masar, ya ji jiki da darajar fam ta karye a 2016 da 2024. Sai batun biya a bakin ƙofa: ɗan aike ya hau bene hawa huɗu da kaya, mai oda ya ce ya fasa. A lissafa wannan asarar tun farko. Ƙasashen kuma 22 ne, kowace da dokarta, don haka a kafu a guda tukuna.