Ƙanƙara a kafireta da rana tsaka: daga ina take fitowa?

Ɗalibin Tuƙi:
Assalamu alaikum malamai. A rahotannin hatsarin ƙananan jirage a Amurka, hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar, NTSB, kan ce ƙanƙara ce ta toshe kafireta inji ya mutu, alhali zafin ranar ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Ina ƙanƙarar ta fito? Kuma tunda in an kwance injin ba a ganin komai, da me suke kafa hujja?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafiretar ce ke haɗa sanyinta da kanta. Iska na ƙara gudu a maƙogwaronta, matsinta ya faɗi, fetur kuma yana zama tururi yana zuƙe zafi. Waɗannan biyun kan sauke zafin iskar da digiri 20 zuwa 30, sai danshin cikinta ya daskare a bangon maƙogwaron da kan faifan totur. Littafin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ya ce an fi samunta ƙasa da digiri 21 in danshi ya wuce kashi 80, amma tana iya kamawa har a digiri 38 da danshi kashi 50. Kenan safiyar watan Agusta a Zariya ta isa.

Injina ma sun bambanta. Continental O-200 na Cessna 150 ya yi suna da wannan. Lycoming O-320 kafiretarsa a jikin kaskon baƙin mai take, tana samun ɗumi, amma ba ta tsira ba.

Batun hujja kuwa, ƙanƙarar ta narke kafin masu bincike su iso. Sai su gwada injin, in ya tashi lafiya, su ɗora zafin lokacin da matakin raɓa (zafin da danshin iska ke fara zama raɓa) a kan jadawalin da ke nuna yiwuwar ƙanƙara a kafireta.

Kyaftin:
Alamar farko, in farfelar ba mai sauya kusurwa ba ce, RPM, wato yawan juyin inji a minti, zai riƙa sauka a hankali ba ka taɓa totur ba, daga baya inji ya fara gargada. In mai sauyawa ce, RPM ba ya motsi, matsin manifol, wato bututun da ke kai iska da mai cikin silinda, ne ke faɗuwa.

Ja maɓallin ɗumama kafireta har ƙarshe, ban da rabi-rabi. RPM zai ƙara faɗuwa, inji ya yi tari saboda ruwan da ya narke yana shiga silinda. A nan mutane ke tsorata su mayar da maɓallin, kuma nan ne kuskuren. Ka bar shi har gudun ya dawo.

Kuma zafin daga jikin salansa ake ɗebo shi. In ka daɗe kana gangarowa totur a rufe, salansa ta huce, ka ja maɓallin ka samu iska mai sanyi. Don haka a ja tun kafin a rage wuta, a riƙa ba inji wuta jifa-jifa a hanya. In an fasa sauka, a mayar da maɓallin, don ɗumin na iya cin har kashi 15 na ƙarfin inji.

Injiniya:
Ƙari a kan na Kyaftin: iskar ɗumin ba ta bi ta filta. A ƙasa gwaji kawai za a yi a mayar, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi. In an gwada RPM bai sauka ko kaɗan ba, a duba wayar maɓallin da murfin akwatin iskar kafin a tashi.