Neman kalma: me za mu ce wa "atrophie de l'ovaire" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ranar Talata na raka Yayata asibiti a nan Garwa karɓar sakamakon eko, wato hoton cikin ciki da ake ɗauka da na'ura, ni ce tafinta don ba ta jin Faransanci. Shekararta 36, wata 11 rabonta da al'ada, kuma ba ciki ba ne. Likita ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan tabo mai ruwan toka a jikin hoton, ya ce "atrophie de l'ovaire". Yaya ta zungure ni, "Me ya ce?" Baki ya riga hankali, na ce, "Wai mahaifarki ta bushe." Ta ja gyale ta rufe fuska, har muka hau babur ba ta sake cewa uffan ba.

Kuskure biyu na tafka a numfashi ɗaya. Mahaifarta lafiya lau. Abin da ya samu matsala, wato "ovaire" ɗin, wasu 'yan abubuwa ne guda biyu, dama da hagun mahaifa, kowanne bai fi ɗan dabino ba, tsawon kamar santimita 3. Su ke ajiye ƙwai, su ke fitar da sinadarin estirojin mai tafiyar da al'ada. Duk wadda ta taɓa gyara kaza ta ga irinsa, curin ƙananan gwaiduwar nan da ke manne ta bayanta. Inna "gidan ƙwai" take ce masa, shi na ɗauka. Wasu na cewa jakar ƙwai, amma jaka ajiya kawai ta sani, gida kuwa ana aiki a cikinsa.

Rigimar tana wajen "atrophie".

Bushewa dai na yar da ita. Ka ce wa macen da ke zaune da kishiya ta bushe, ka gama da ita, kafin magariba uwar miji ta ji. Kuma ba gaskiya ba ce tsantsa, don cikin mata 100 masu wannan lalura kan samu 5 zuwa 10 da ciki ke shiga daga baya.

Shanyewa ta ɗan ja ni, tunda muna cewa hannu ya shanye. Sai na tuna a bakinmu "an shanye ta" na nufin asiri. Da wannan kalmar, wallahi gidan boka za a nufa da ita, alhali sanadin na iya zama maganin ciwon daji, ko gashin da ake wa daji da haske, ko tiyatar da ta taɓa jijiyar jinin wurin, ko garkuwar jiki ta juyo tana yaƙar mai ita. Sau da yawa ma likita ba ya gano sanadin.

Tsumburewa kuma ta abin da bai taɓa girma ba ce, kamar geron da ruwa ya ɗauke masa. Wannan ya girma, Yaya 'ya'yanta uku, daga baya ne ya ja baya. Shi ya sa na tsaya a kan motsewa, yadda sabuwar riga ke motsewa bayan wanki.

Da na kawo wannan kalma, wata ungozoma daga Marwa ta rubuto: "Ƙanwata, ai na kowace mace yana motsewa idan al'ada ta ɗauke, tsakanin shekara 45 da 55. Wannan ba ciwo ba ne." Gaskiyarki, Hajiya. To mu ƙara "da wuri" ga wadda ba ta kai 40 ba, don ita ce za ta yi shekaru da yawa babu estirojin: zufar dare ko a tsakiyar hunturu, bushewar gaba, ƙashi ya yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta karya shi, ga haɗarin ciwon zuciya. Saboda haka ake ɗora su a kan maganin da ke maye gurbin sinadarin har wajen shekara 50, idan babu abin da ya hana.

Wani Malam daga Injamena ya kawo "ƙanƙancewa". Allah ya gafarta Malam, ma'anar ta yi, sai dai tana maƙwabtaka da ƙasƙanci, kunnen mara lafiya kuwa ba ya tacewa.

Don haka ni dai: motsewar gidan ƙwai da wuri.

Jiya na koma wajen Yaya na ba ta haƙuri, na faɗa mata da sabuwar kalmar. Ta yi shiru tana tsince shinkafa, can ta ce, "To gobe ki zo ki faɗa wa uwar mijina haka, don ita bushewar ta ji."