Shawara nake nema: in biya dubu 30 na kwas ɗin malamai ta intanet, ko in haƙura?

Malama Rabi Hotoro: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, makarantar kuɗi. Mai makarantar ya sayo majigi guda da kwamfutocin hannu ashirin, ya ce daga zango mai zuwa duk malamin da bai iya aiki da su ba ya kuka da kansa. An turo mini wani guruf na malamai, ana karatu ta Zoom, manhajar taro ta bidiyo, duk Asabar tsawon wata uku, dubu 30 har da satifiket, ranar Juma'a za a rufe rajista. Albashina dubu 48 ne. Ajina yara 62, kuma babu intanet a makarantar. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, abin da ake koyarwa yana aiki a aji irin nawa?

Abban Sultan: Wa alaikumus salam. Ki fara sayen laftof tukuna. Ki je Farm Centre, da dubu 150 za ki samu ta hannu mai kyau.

Ummu Hanan: Dubu 150 a wace shekara? Ƙanena ya zagaya watan jiya, mai ɗan dama-dama sai 230.

Malam Sabo Kurna: Malama, don girman Allah ki riƙe kuɗinki. Ni na ga abin da idona. Bara wani yaro mai zaƙin baki ya buɗe guruf a Telegram, ya ce zai mayar da mu malaman zamani. Dubu 18 na tura, kuɗin da na ware na littattafan 'yata. Makon farko ya zo da kwat da gilashi, yana ta Turanci. Daga nan sai bidiyo yake jefo mana, ashe daga YouTube yake kwasowa, har tambarin mai shi yana nan a gefe. In ka yi tambaya ya ce za a zo wurin. Wani dattijo daga Gwale ya roƙe shi ya nuna yadda ake haɗa waya da majigi, wallahi har aka watse bai nuna ba. Da muka matsa sai ya kulle guruf ɗin, shi kaɗai ke magana. Satifiket ɗin da ya turo an rubuta sunana ba daidai ba, babu hatimi, babu sa hannu. Na kai wa firinsifal ɗinmu, ya juya shi gaba da baya ya miƙo mini ya ce, "Malam Sabo, wa ya san su?" Mun kai mutum ɗari a ciki, ku lissafa abin da ya tara.

Hajiya Binta Ƙofar Na'isa: Innalillahi. Allah ya saka maka, Malam.

Ɗan Fagge: Malam Sabo, ka kai satifiket ɗin wurin mai tsire, ko naɗin nama ya yi.

Malam Sabo Kurna: Kai yaro, ba wasa nake ba. Har yau ina da lambarsa, in na kira sai a ce a kashe take. Na je ofishin da ya ce nasa ne, na tarar da shagon ɗinki.

Injiniya Mubarak: Duk wannan bai taso ba, kyauta ma ana samu. Google na da darussan malamai, Microsoft ma haka, ni kuɗin jarrabawa kaɗai na biya. Lokacin da na rubuta matakin farko na Google dala 10 ce. Ga kuma dandalin karatu na intanet, Nigeria Learning Passport, da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, akwai darussa har da Hausa a ciki.

Abban Sultan: Ni dubu 25 wani mai kafe ya caje ni a kan wannan jarrabawar.

Injiniya Mubarak: To ladarsa ya ɗora.

Malam Lawan Dorayi: Da izininku. Injiniya, ka taɓa tsayawa gaban yara sittin da alli a hannu? Mu da muka shekara ashirin da wani abu muna wannan aiki mu ya kamata a tambaya. Wanda ke zaune a ofis mai sanyi da intanet ba dare ba rana, ba zai gane abin da malamar nan take faɗa ba.

Injiniya Mubarak: Baba Lawan, da girmanka, shekarun nan ba su ne za su kunna majigi ba. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, yaran da kuke yayewa suna zuwa cibiyar jarrabawa hannu na rawa a kan linzami. Ni nake ganinsu.

Malam Lawan Dorayi: Su kuma waɗanda suka iya linzamin, nawa ne suke iya rubuta wasiƙa shafi guda?

Malama Zulai Sharaɗa: Ku yi haƙuri in sa baki. Rabi 'yar uwa, ni ma kimiyya nake koyarwa, kuma abin da ya taimake ni ko sisi ban biya ba. Guruf ne na WhatsApp, mu kusan arba'in, malaman kimiyya daga Kano da Zariya da Jos. A nan wata ta nuna mini PhET, gwaje-gwajen kimiyya na jami'ar Colorado ta Amurka. Ana sauke su sau ɗaya, sai su yi aiki babu intanet. Na sauke na wutar lantarki a gida da daddare, na tura wa sauran na'urorin ta Xender, na raba yara uku-uku. Suka ja batir da waya da ƙwai a kan fuskar na'urar, ƙwan ya kama. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta cire waya ɗaya ya mutu, ta mayar ya kama, ta juyo ta ce, "Malama, ashe sai hanyar ta zagayo!" Amma ki sani rabon na'urorin da karɓarsu kaɗai yana cin minti goma daga cikin minti arba'in na darasinki. Ki naɗa shugaba a kowane layi. Kafin ki biya kowa, ki ce ya nuna miki darasi ɗaya da aka yi a babban aji babu sabis.

Ummu Hanan: Ita Zoom ɗin ma fa, kun lissafa data? Tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025, zama ɗaya sai ya lashe miki giga guda.

Abban Sultan: Bai kai ba, in kin kashe bidiyo ko rabi ba ya ci.

Ɗan Fagge: In an kashe bidiyo kuma ai rediyo ke nan. A kama tasha kawai a huta.

Malama Rabi Hotoro: Na gode ƙwarai. Anti Zulai, don Allah ko za a sa ni a naku? Kuma shi wannan na dubu 30 ɗin, akwai wanda ya san...

Malam Sabo Kurna: Duk kanwar ja ce, Malama. Ni ina nan ina jiran ranar da zan haɗu da yaron nan.

Hajiya Binta Ƙofar Na'isa: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Me ya sa malama za ta cire daga albashinta? Wanda ya sayo kayan shi ya kamata ya biya kuɗin koyo. Mu a ta gwamnati ma, in an kira bitar kwamfuta, sunayen mutum huɗu ne kullum suke tafiya, su ci shinkafa su karɓi alawus su dawo, ba wanda suke koya wa komai. Akwai kwamfutoci a wani ɗaki a makarantarmu, har yau da ledarsu, makullin yana aljihun mutum ɗaya.

Malam Lawan Dorayi: Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan ta Kano a 2024, mun yi murna, to a bi ta kan masu rubuta sunayen bita. A wurinmu wanda ya rage wata shida ya yi ritaya aka tura.

Injiniya Mubarak: Ai sau da yawa ta intanet ake cike fom ɗin, ku ne ba kwa dubawa.

Hajiya Binta Ƙofar Na'isa: Wane fom? Sai ranar Litinin muke jin labari, bayan an dawo da jaka da biro.